Ranar da waya ta ce Yayata ba ta da ɗa

Shekarun baya, tun Yayata tana raye, wani abu ya faru a zuri'armu wanda har yau in na tuna shi sai ya komo mini sabo. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ko baƙi guda ban iya karantawa. Wanga da kuke gani, ni ke faɗi, jikata ke rubutawa, kuma ita ce mai ɓarnar da za ku ji. Ta ce in sassauta mata. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in ta rage zan sa a karanta mini a wani gida.

Sai na ɗauko muku daga tushe, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Mu biyu ne mata a wurin uwarmu, Yaya da ni, can Bazaga anka haife mu. Yaya ta riga ni aure, ta daɗe a ɗaki, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuwa anka kai ni Dogarawa, shekara na zagayowa na sauka, namiji. Da lokacin yaye ya yi, uwarmu ta zo da kanta, ta goya yaron, ba ta sauke shi ko'ina ba sai a ɗakin Yaya. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban jira a tambaye ni ba. Haka ake yi a wurinmu. Ɗan fari ba ki kiran sunanshi, ba ki yi mishi wasa gaban mutane, in ya faɗi ba ke ke ɗagawa ba. Kunya ce, da ita munka taso.

To Yaya ta riƙe shi. Ita ta yi jinyar ƙyandarshi, ita ta kai shi makarantar allo, ita ta sayar da awakinta sa'ad da ya ce tuƙin mota yake so ya koya, ita ta nemo mishi mata. Ita yake ce ma Inna. Ni kuwa Inna Ƙarama, kuma ko wannan ba ya faɗa yana dubana. Ni ma in magana ta kama sai in ce ɗan Yaya. Da Allah ya buɗa mishi, ya samu motocinshi yana ɗaukar albasa da siminti, ya gina gida a Konni, ɗakin da ya fara rufawa na Yaya ne, don mijinta ya riga ya rasu. Nan take zaune, ita ce uwar gida, ita ke raba tuwo.

Jikar nan tawa ɗiyarshi ce. A hannun Yaya ta girma. Ta yi karatu har Yamai, karatun kwamfuta, ta komo tana magana da hannu kamar mai korar ƙuda.

Ana nan ana nan, wata shekara bayan Sallar layya anka yi taron zumunci. Manya sunka yi ta ƙorafi, wai zuri'a ta watse: wasu na Sakkwato, wasu na Abijan, wasu sun haye hamada, yara na haɗuwa a tasha ba su san jininsu guda ba. Sai wani ƙanenmu ya ce tunda ga mai ilimi a gida, ta yi mana wuri a intanet inda kowa zai samu shafinshi: hotonshi, garinshi, iyayenshi, 'ya'yanshi. Na gida kaɗai ke shiga. Kuma da Hausa, don na can Najeriya ba su jin Faransanci. Anka ce madalla.

Ta bi gida gida tana ɗaukar sunaye. Ta zo Dogarawa ta ɗauke ni hoto. Ni da nake cewa ban damu da waɗannan abubuwa ba, na yi ta canza kallabi har ta ce, "Tsohuwa, ba miji za a nemo miki ba fa." Na ce ai ba ta sani ba.

Kwanci tashi aiki ya ƙare. Anka yi ta yabonta. Ni dai ban ga komai ba, an ce yana cikin waya, na ce to.

Sai anka yi suna a Illela, gidan wani ɗan ƙanenmu. Munka taru. Bayan an ci an sha, mata munka zauna a inuwar zaure na ciki, tsofaffi a tabarma, yara a tsaye. Akwai wata amarya da anka kawo gidan ba da daɗewa ba, 'yar wani gari ce, ba ta san tarihinmu ba, amma ta yi lakwal kuma tana da baki. Ita ta buɗe abin a wayarta ta fara karanta wa tsofaffi shafinsu. Abu ya zama wasa. Wagga ta ce, "Karanto ni." Waccan ta ce, "Ni fa, sun sa mini jikokina duka?" A karanta, a yi guɗa, a yi dariya.

Anka zo kaina. Yarinya ta ce, "'Ya'ya," ta fara da sunan ɗan Yaya, da ƙarfi, a gabana. Na ja mayafi na rufe fuska. Mata sunka fashe. Wata ta ce, "Yau dai an kama ki, ashe ke ce!" Yaya ma ta yi dariya, kaɗan.

Sa'annan ta ce, "To ni fa, 'yar nan? Duba ki gani ko sun tuna da ni."

Yarinya ta danna. Ta ce ga hotonta, ta yi kyau. Ta karanta sunanta, ta ce haihuwar Bazaga, zama Konni. Ta karanta sunan uwarmu da na ubanmu. Sai ta ce, da muryar nan dai da ta karanta na kowa:

"'Ya'ya: babu."

Wanga karon ba guɗa, ba dariya. Yarinya ta ɗaga kai tana dubanmu, ba ta san abin da ta taka ba. Wata tsohuwa ta kama tarin da ba ta da shi. Wata ta ce, "Kai, waya ce, ina ta san mutane."

Yaya ta ce, "A'a, ku bar ta. Ai ba ta yi ƙarya ba."

Ta nemi buta. Lokacin salla bai yi ba, amma ta tashi ta tafi alwala, kuma ba ta komo tabarmar ba.

Ni na koma Dogarawa, ita ta koma Konni. Na ce a raina abu ne na taro, zai wuce. Yaya ba mai fushi ba ce. Na manta cewa wanda ba ya fushi, in ya yi, ba ya yin ƙarami.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji mota ta tsaya a ƙofa. Na leƙa. Yaya ce, yaran mota na sauke mata kaya: akwatinta na ƙarfe, tabarma, buta, ƙullin tufafi, har da akuyarta ɗaure da igiya. Ta yi sallama, ta shigo, ta zauna. Na kawo ruwa. Munka gaisa kamar kullum, ta tambayi yara, ta tambayi gona. Sai ta ce:

"Tashi ki haɗa kayanki."

Na ce, "In je ina, Yaya?"

"Konni. Ɗakinki na can, na share miki shi. Na daɗe ina zaune a ɗakin mutane."

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Shi nake ji. An rubuta, an aika Abijan, an aika Sakkwato. Jikokin jikoki za su buɗe su gani. Ke ki je ki zauna wurin ɗanki, ni in zauna nan in yi miki tsaron kaji."

Kalmar nan, ɗanki, ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba tun ranar da uwarmu ta kai mata shi. Ta faɗe ta kamar mai miƙo wa mutum kwanon da ya ara mata.

Ashe shi ɗan Yaya yana hanya da mota sa'ad da ta fito. Da ya komo ya iske ɗaki a share, ya biyo ta har Dogarawa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna." Ba ta amsa ba. Ya sake. Ta ce mishi, "Tana bayan gida tana wanke-wanke, jira ta." Mutum mai furfura a gemu, mai ba direbobi umurni, ya fita yana share ido da hula.

Jikata kuwa ta kira a waya tana kuka, ta ce tun ranar sunan da ta ji labari ta cire kalmar, yanzu babu "babu" a wurin. Anka gaya wa Yaya. Ta ce, "Madalla. Ta cire daga kunnen matan Illela ma?"

To nan na ga abin ba na wasa ba ne. In Yaya ta kwana biyu a haka, zama zai kama ta, kuma ba za ta sake komawa gidan nan ba har mutuwa. Na ɗaura zane na shiga motar Konni.

Ni a tunanina akwai wani malami can Yamai, zaune a buro, wato ofis, shi ke rubuta shafin kowa, kuma shi ya rubuta wa Yaya wagga magana. Da na isa ban ko sha ruwa ba na ce wa jikata, "Kai ni wurin wanda ya rubuta. Ina so in ga fuskarshi."

Ta ce, "Kaka, ba mutum ba ne."

"To aljani ne?"

"Ni ce. Amma ban rubuta wa Inna ba. Wallahi ban taɓa buɗe shafinta ba sai bayan abin ya faru."

Na ce, "Ke kinka rubuta, amma ba ki rubuta mata ba, kuma ya fito a kanta. Ja'ira, da ni kike wasa?"

Ta share hawaye, ta ɗauko kwamfutarta, ta zauna kusa da ni. Ta san na yi shekaru ina tuyar masa a bakin kasuwar Dogarawa, sai ta bi ta nan. Ta ce, "Kaka, masar da za ki sayar gobe, tana ina yanzu?"

Na ce ba ta ko'ina, sai an toya.

Ta ce to haka shafin kowa yake. Babu shafin Inna a ajiye, babu nawa, babu naki. Abu biyu ne kawai ke akwai. Akwai ƙullu, wato sunaye da hotuna da wa ya haifi wa, suna ajiye cikin wata babbar kwamfuta can nesa da ba a kashewa. Kuma akwai tanda guda ɗaya tak, ita ta ƙera ta, da ramukanta: ramin hoto, ramin suna, ramin gari, ramin uwa, ramin uba, ramin 'ya'ya. In mutum ya danna sunan wani a wayarshi, kamar ya miƙo kwano ne. Babbar kwamfutar nan ta ɗebo ƙullun wannan mutum, ta zuba a ramuka, ta toya, ta miƙo mishi da zafinta. Wani ya danna wani suna, ta sake zubawa a tandar nan dai.

Na ce, "To babu ɗin fa, wa ya zuba ta?"

Ta ce a jikin tandar take. Sa'ad da take ƙira, ta yi tunanin jarirai da samari da 'yan mata, ta ga ramin 'ya'yansu zai fito fayau kamar abu ya lalace. Sai ta gaya wa tandar: in ba ki samu abin zubawa a nan ba, ki rubuta babu. Ta gwada da shafinta, ya yi. Ta gwada da na babanta, ya yi. Ta rufe kwamfuta ta tafi cin abinci.

Na daɗe ina duban abin. Rubutu ne ƙanana masu launi kamar an watsa tsaba a baƙin faranti. Na ce, "Matar da ta goye ki."

Ta ce, "Na sani, Kaka."

Ban ƙara ba. Ta riga ta hukunta kanta fiye da yadda zan iya.

Duk wagga magana, ubanta na zaune a bakin zaure, ya ba mu gefe, yana jan tasbaha. Gida guda muke, amma ni da shi ba mu magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Haka munka saba.

Na ce wa jikata abu mai sauƙi ne. Ta cire sunana daga ramin uwa na ɗan Yaya, ta zuba na Yaya. Ni ban nemi a sa ni ba tun farko, kunya ma anka ba ni gaban mata.

Ta ce bari ta nuna mini a nan cikin kwamfutarta, inda ba wanda zai gani. Ta canza. Sunanshi ya hau shafin Yaya, na ce to shi ke nan. Ta ce in dakata. Ta buɗe nashi: ramin 'yan'uwa ya bushe, ba ƙane ba ƙanwa. Ta buɗe na sauran yarana: babban wansu ya ɓace. Ta buɗe nawa: ɗiyata ta biyu ta hau sama, ta zama ta fari.

Ta ce, "Kin ga yanzu sai ki daina kiran sunan Gwaggo, ki fara jin kunyarta."

Na ce, "Wannan da nake zagi tun tana rarrafe?"

Daga bakin zaure munka ji wani abu kamar dariya, kamar tari.

Kuma ni kaina na san Yaya ba za ta karɓi ƙarya ba. Mace ce mai cewa ita ba sato ɗa ta yi ba, ba ta anka yi, da rana, gaban mutane. In anka rubuta ita ta haifa, sai ta ce an mai da ita abin tausayi.

Sai jikata ta ce laifin ba na ƙullu ba ne. Tandar ce ba ta da rami. Ta ƙera ta yadda ta gani a takardun haihuwa na gwamnati, uwa guda uba guda, alhali mu ba haka muke ba. Ta ce za ta ƙara rami na wanda ya riƙe mutum. Amma in sani, tanda guda ce: in ta fasa rami saboda Inna, ya fasu ga kowa da kowa, har na Abijan.

Na ce ta fasa.

Ta ce a shafin Inna za ta sa wani wuri daban, a rubuta 'ya'yan riƙo, sai sunan Baba ya fito a ƙarƙashi.

Nan ne ɗan Yaya ya yi magana. Bai juyo ba, bango yake kallo. Ya ce wa ɗiyarshi, "Gaya wa Inna Ƙarama, ni tunda na yi wayo ban taɓa jin an ce mini ɗan riƙo a ɗakin Inna ba. Ba a waya za a fara ba."

Na ce, "Gaya wa ɗan Yaya an ji."

Jikata ta dube ni ta dube shi ta ce, "Ku biyu kun ji juna, ni me zan gaya?" Ba wanda ya kula ta.

Haka anka tsaya: a shafin babba, wuri guda ne, 'ya'ya, wanda ka haifa da wanda ka riƙe duk nan za su zubo, ba alama. A shafin ɗa kuwa, inda anka rubuta uwa, suna biyu za su iya fitowa. Sai jikata ta tsaya da hannu a sama, ta ce saura abu guda. Wanne ke hawa sama, wanne ke bi? Kuma duk wanda ta sa, haka zai zama ga duk zuri'a.

Ba ta dubi ubanta ba, ni ta duba. Shi ma tasbahar ta tsaya.

Na ce, "Wadda ta riƙe."

Ta ce, "Kaka, kin tabbata?"

Na ce, "Rubuta, rana na yi."

Ban ji komai ba sa'annan. Sai a mota, muna wuce gonakin albasa, na ga ina ta gyara mayafi ba dalili. Kafin mu isa Dogarawa abin ya wuce mini.

Aikin ya ɗauke ta lokaci, don sai da ta sake bin dangi tana tambaya wa ya riƙe wa. Ashe kusan kowane gida da nashi. Wannan kakarshi ta yaye shi ta hana shi komawa, waccan gwaggonta ta ɗauke ta, wancan kawunshi ya tafi da shi fatauci yana ƙarami. Kowa ya sani, ba a dai taɓa tarawa wuri guda ba. Ta gaya mini da ta gama sabuwar tandar, kafin ta sake ta, sai da ta fara buɗe shafin jariri, da na wanda ya mutu bai yi aure ba, da na wanda ba a san garin da yake ba. Nan ta ga ta kusa maimaita ɓarnar: duk wanda uwarshi ta riƙe shi da kanta, sabon ramin na shirin rubuta mishi babu. Sai ta koya wa tandar cewa in rami bai samu ƙullu ba, ya rufe bakinshi, kada ma a ga akwai shi. Na ce tawa tandar ba ta taɓa iya wannan ba, ramin da ba ƙullu sai ya ƙone mai.

Ranar da ta sake shi, wuri guda ta taɓa, shafin kowa ya canza. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata ɗiyar ƙanenmu ta kira daga Sakkwato tana faɗa, wai ta buɗe shafin ɗiyarta ta iske sunan dangin miji a saman nata, a gyara mata ita kaɗai. Jikata ta ce ba a gyara wa mutum guda. Magana ta je gaban manya, manya sunka ce a bar shi haka, wanda ya sha kashi da fitsari shi ke gaba. Ta Sakkwato ta yi fushinta ta huce.

Saura Yaya. Duk wanga lokaci tana gidana, tana tsaron kaji kamar yadda ta faɗa, kuma tana gyara mini miya ba a tambaye ta ba.

Jikata ta zo da ubanta. Ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta buɗe waya za ta karanta. Yaya ta ɗaga hannu.

"Ke ba za ki karanta mini ba. Ke mai so in koma ce, abin da zai yi mini daɗi za ki faɗa. Ni ba ni karatu, ƙanwata ba ta karatu. A kai ni wurin yarinyar nan ta Illela. Ita ba ta san kara ba, abin da ke wurin take faɗi."

Ba yadda ba a yi ba, ta ƙi. Ɗan Yaya ya buɗe mota, munka shiga, sai Illela. Amarya da ta ga mun shigo, ta nemi hanyar bayan gida. Uwar mijinta ta kamo ta. Matan gida da na maƙwabta sunka taru, yawancinsu waɗanda sunka zauna a tabarmar nan ne ranar suna. Yaya ta zauna ta miƙe ƙafa.

"'Yar nan, kada ki ji tsoro, ba ki yi mini laifi ba. Ɗauko taki wayar, ba tasu ba. Duba ni."

Yarinya ta ɗauko wayarta. Ta danna, ta jira, don rezo, wato sabis ɗin waya, na wahala ranar. Ta karanta suna, ta karanta Bazaga, ta karanta Konni. Ta ce, "'Ya'ya," ta faɗi sunanshi.

Yaya ta ce, "Ban ji ba."

Ta sake, da ƙarfi.

"Akwai wani abu a gefen sunan? Wata 'yar alama?"

"Babu, Inna. Sunan ne kawai."

"To buɗe nashi."

Ta buɗe. Ta karanta inda anka ce uwa: sunan Yaya, sa'annan nawa. Na ja mayafi, amma wanga karon ba wadda ta yi dariya.

Yaya ta dubi ƙafafunta. Can ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ita fa? A nata shafin an bar mata shi?"

Jikata ta ce a hankali, "An bari, Inna. In kina so..."

Yaya ta ce, "A bar mata. Ta sha wuya ranar haihuwarshi. Ni ke riƙe da ita, ihunta har unguwar mahauta anka ji."

Na ce, "Yaya, ƙarya haram."

Ta ce, "Ku tambayi mahauta."

Mata sunka fashe da dariya, wata ta yi guɗa. Yaya ta miƙa wa amarya goro, ta tashi, ta fita, ta buɗe gaban mota ta zauna. Ɗan Yaya ya leƙa ya ce, "Inna, ina munka nufa?" Ta ce, "Gida mana, ko ka manta hanya?" Ni anka sauke ni a Dogarawa. Kayanta daga baya anka zo anka kwasa.

Abin da na ɗauka daga wanga al'amari ba mai yawa ba ne. Jikata ba ta yi da mugunta ba, kuma abin da ta ƙera abu ne mai kyau, har yau da shi yaranmu na nesa ke sanin junansu. Amma duk mai yin abu guda don mutane da yawa, da wanda bai rasa komai ba yake gwadawa, don shi ke kusa da ido. Wanda ya rasa kuwa sai a bar wa na'ura ta faɗa mishi, ita kuma ba ta san sassauta murya ba. Mu ma da muke mutane, shekara da shekaru mun san Yaya ba ta haihu ba, ba wanda ya taɓa faɗa, har munka ɗauka ita ma ta manta. Ba ta manta ba ko rana guda.

Yaya ta yi shekarunta a ɗakinta bayan haka, ta rasu a nan, a hannunshi. Ranar zaman makoki maza na waje, shi ke zaune a tsakiya ana zuwa ana yi mishi ta'aziyya. Da yamma ya shigo cikin gida wurin mata, sunka tashi ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi. Na ga in na zauna, ni kaɗai ce ban yi ba. Na tashi na bi sahu. Da na zo gabanshi babu jikata kusa, babu wanda zan ce ya gaya mishi. Na dube shi, karo na farko tun yana goye, na ce, "Allah ya jiƙan mahaifiyarka."

Ya ce, "Amin, Inna Ƙarama."

Na koma na zauna.